Wa ke da ikon yafe wa makaɗin azzalumi?

A watan Mayu na 1952, wani Bayahude haifaffen birnin Niyok, mai shekara 36 da haihuwa, ya shiga wata majami'a da ke unguwar Dahlem a birnin Balin riƙe da gogensa, ya tsaya a gaban makaɗan ƙungiyar Berlin Philharmonic, waɗanda da yawa daga cikinsu shekara bakwai da ta gabata ma'aikatar farfaganda ta gwamnatin Hitila ce take biyan su albashi. A majami'ar ake ɗaukar sautin ƙungiyar a wancan zamani, domin babban zaurensu ya zama kango tun watan Janairu na 1944, lokacin da jiragen yaƙi suka yi masa ruwan bama-bamai. Mai gogen shi ne Yehudi Menuhin. Madugun da ya ɗaga sanda ya ja ragamar makaɗan kuwa shi ne Wilhelm Furtwängler, dattijo mai shekara 66, wanda ya zauna a Jamus tun daga hawan Hitila har zuwa 'yan watanni kafin faɗuwarsa, yana kiɗa a ƙarƙashin tutar 'yan Nazi. Abin da suka taru suka naɗa a faifai shi ne kiɗan goge na Felix Mendelssohn, mai tsara kiɗan da waccan gwamnati ta haramta ayyukansa saboda asalinsa na Yahudawa, har aka kai ga tumɓuke mutum-mutuminsa daga gaban zauren kiɗa na birnin Leipzig a watan Nuwamba na 1936.

Faifan yana nan har gobe, tare da ɗan'uwansa na kiɗan Beethoven wanda mutanen biyu suka naɗa a Landan a 1953 da ƙungiyar Philharmonia, kuma kamfanin EMI ya sha sake fitar da su a haɗe, ta yadda duk mai waya da intanet zai iya saurarensu a daren yau. Masoya wannan nau'in kiɗa suna yawan kafa hujja da su a kan cewa fasaha tana sama da siyasa, wai idan goge ya fara magana to gaba da ƙiyayya sai su yi shiru. Ni ban gamsu da wannan fassarar ba, duk da cewa ina ganin Menuhin ya yi daidai. Ra'ayina shi ne ya yi daidai ne saboda wasu dalilai da suka keɓanta da shi, waɗanda mai sauraro da ke kishingiɗe a ɗakinsa bai mallaka ba, kuma abokan sana'arsa da suka ƙi hawa dandali ɗaya da Furtwängler har ya mutu su ma ba su yi kuskure ba.

Ga wanda bai saba da kiɗan ba, gogen Turawa, wanda ake kira biyolin, ɗan'uwan namu ne ta fuskar yadda ake fitar da sauti, wato a goga izgar doki a kan tsirkiya, sai dai nasu na katako ne zalla maimakon ƙoƙo da fata, tsirkiyarsa huɗu, kuma a ƙarƙashin haɓa ake maƙale shi. Kwanceto kuwa, wato irin kiɗan da ke cikin faifan nan, dogon kiɗa ne da aka rubuta a takarda daga farko har ƙarshe, yawanci kashi uku, inda makaɗi ɗaya yake tsayawa a gaba yana musayar zance da taron makaɗa hamsin ko fiye, wani lokaci su bar masa fili, wani lokaci su danne shi, wani lokaci kuma su amsa masa kamar 'yan amshi. Babu waƙar baki a ciki. Tun da rubutun ɗaya ne ga kowa, bambancin da ke tsakanin faifai da faifai yana cikin numfashi ne: inda aka ja, inda aka sassauta, inda madugu ya dakata wa mai goge da inda mai goge ya bi madugu. Aiki ne da mutum biyu ba za su iya yi suna hararar juna ba, domin dole kowa ya ba ɗan'uwansa dukan kunnensa da hankalinsa na tsawon rabin sa'a ko fiye, kuma wannan ne ya sa zaɓen wanda za ka tsaya da shi yake da nauyi.

Na fara jin faifan Mendelssohn ɗin ne a wani dare na bazara da aka ɗauke wuta, na ɗora waya a kan matashi, ban ma san tarihin da ke bayansa ba. Mendelssohn bai yi doguwar shimfiɗa ba, ƙungiya tana motsawa da kamar daƙiƙa biyu sai goge ya shigo da karin nan nasa mai ɗauke da damuwa, can sama a kan tsirkiyar da ta fi siranta. Faifan tsoho ne, ana jin 'yar shashsheƙar na'urar wancan zamani a ƙarƙashin kiɗan. A ƙarshen kashi na farko makaɗa duka suna tsayawa cak, sai wani abin busa guda mai kaurin murya ya riƙe sauti ɗaya shi kaɗai, ya ƙi sakinsa, sannan ya ɗaga shi taku ɗaya, ta wannan siririyar gada kuma ake ƙetarawa zuwa kashi na biyu mai taushi. A faifan Beethoven abin ya sha bamban. Da bugun wasu manyan ganguna masu kama da tambari ake buɗewa, a hankali ƙwarai kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar marar lafiya, mai goge kuma sai ya tsaya shiru fiye da minti uku kafin a ba shi dama. Furtwängler ba ya gaggawa, yana barin kiɗan ya kumbura ya saɓe kamar ƙirjin mai barci, Menuhin kuma idan ya shigo sai ka ji kamar yana tambaya ne maimakon nuna bajinta. Gaskiya ɗaya ce, a fagen tsabtar hannu mai goge Jascha Heifetz ya fi shi, kuma duk wanda ya saurari faifan Beethoven da Heifetz ya naɗa da madugu Arturo Toscanini ɗan Italiya a 1940 zai ji sauri da kaifi da Menuhin bai kai ba. Amma ni ga na Menuhin nake komawa.

Kiɗan guda biyu suna da wata alaƙa da ta sa haramcin 'yan Nazi ya zama ƙarya tun daga tushe. An fara kaɗa kwanceton Beethoven a birnin Biyana a watan Disamba na 1806, bai samu karɓuwa ba, ya shafe kusan shekara arba'in ba a cika waiwayarsa ba. Wanda ya farfaɗo da shi wani yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, Joseph Joachim, ɗan Yahudawan ƙasar Hangari, a Landan a 1844, madugun da ya tsaya masa a ranar kuma shi ne Mendelssohn da kansa. Bayan shekara ɗaya, a watan Maris na 1845, aka fara kaɗa nasa kwanceton a Leipzig. Wato kwanceton Beethoven, wanda Jamusawa suke tinƙaho da shi a matsayin sarkin kiɗan goge, mutum biyu masu jinin Yahudawa ne suka tono shi daga inda aka binne shi. Mendelssohn ma Kirista ne, an yi masa baftisma yana ɗan shekara bakwai, amma jikan masanin falsafar nan ne Bayahude Moses Mendelssohn, kuma a wurin masu aƙidar jini wannan kaɗai ya isa laifi.

Kafin a yi maganar yafiya, ya kamata a karanta takardar tuhumar wanda aka yafe wa, da ta kariyarsa, ba tare da an ɓoye ko ɗaya ba. Furtwängler bai taɓa shiga jam'iyyar Nazi ba. A watan Afrilu na 1933 ya rubuta wa ministan farfaganda Joseph Goebbels buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kare manyan masu fasaha Yahudawa irin su Bruno Walter da Otto Klemperer da Max Reinhardt. A ƙarshen 1934 ya fito a jarida ya kare mai tsara kiɗa Paul Hindemith, wanda gwamnati take farauta, abin da ya kai shi ga ajiye muƙamansa. Ya taimaki makaɗa Yahudawa da dama, wasu da aiki, wasu da hanyar fita daga ƙasar, kuma bayan an mamaye Faransa ya ƙi zuwa ya yi kiɗa a can. A farkon 1945, da ya ji ƙishin-ƙishin cewa za a kama shi, ya tsallaka zuwa Suwizalan.

Ɗaya shafin kuma ba shi da daɗin karatu. Tun 1933 ya karɓi sarautar ɗan majalisar jihar Furushiya daga hannun Hermann Göring, na hannun daman Hitila. Bayan murabus ɗinsa na 1934 bai yi wata shida ba ya sasanta da gwamnati ya koma kan dandali. Ƙungiyarsa ta koma ƙarƙashin ma'aikatar Goebbels, aka yafe wa makaɗanta aikin soja, 'yan Yahudawan da ke cikinta kuma, har da shugaban masu goge Szymon Goldberg, suka watse ɗaya bayan ɗaya. A ranar 19 ga Afrilu 1942, jajibirin zagayowar haihuwar Hitila, ya jagoranci babban kiɗan Beethoven na tara a Balin, a zauren da aka ƙawata da tutocin Nazi, kuma hoton majigi ya nuna shi yana miƙa wa Goebbels hannu a ƙarshe. A wannan lokacin jiragen ƙasa sun riga sun fara kwasar Yahudawan Balin zuwa gabas. Shi dai hujjarsa ita ce ya zauna ne domin ya tsare wa Jamusawa kiɗan Beethoven a lokacin da suka fi bukatarsa, domin kada a bar wa 'yan ta'adda komai da komai. Goebbels kuwa ya san abin da yake saya da kuɗinsa: duk daren da babban madugun Jamus ya ɗaga sanda, duniya tana ganin alamar cewa ƙasar Hitila ƙasa ce ta wayewa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Furtwängler ya yi askin, ko da yana yi yana yamutsa fuska.

Mai karatu Bahaushe bai bukatar dogon bayani a kan wannan matsayi, domin mun san makaɗin fada kuma mun san mawaƙin siyasa, mun san yadda ake cewa sana'a ce kawai, da yadda wanda aka zalunta yake ji idan ya ji muryar da yake ƙauna tana wasa wanda ya zalunce shi. Bambancin kawai shi ne Furtwängler bai taɓa ambaton sunan mai mulki a kiɗansa ba. Tsayuwarsa a wurin ita ce kirarin.

Shi kuwa Menuhin, wanda aka haifa a 1916 ga iyaye Yahudawa 'yan asalin daular Rasha, Balin ce ta ɗaga shi tun yana yaro. A watan Afrilu na 1929, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara goma sha uku, ya tsaya gaban wannan ƙungiya ta Berlin Philharmonic ƙarƙashin Bruno Walter ya kaɗa kwanceto uku a dare ɗaya, na Bach da na Beethoven da na Brahms. Da Hitila ya hau mulki aka kori Walter, Furtwängler ya aika wa manyan makaɗan duniya goron gayyata domin su zo su nuna cewa ƙofa a buɗe take, Menuhin yana cikin waɗanda suka ƙi zuwa. Wannan batu yana da muhimmanci a wurina, domin ya nuna cewa mutumin ya san lokacin ƙauracewa, kuma ya ƙaurace sa'ad da azzalumi yake kan gado. A shekarun yaƙi ya yi wasa fiye da ɗari biyar ga sojojin ƙawance a sansanoni da asibitoci. A watan Yuli na 1945, wata uku bayan sojojin Ingila sun 'yantar da sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ke Bergen-Belsen, ya je can tare da Benjamin Britten, wanda ya kaɗa masa fiyano, suka yi wa waɗanda suka tsira kiɗa, mutanen da wasunsu fata ce kawai ta rage a kan ƙashi. Saboda haka babu mai iya cewa bai ga abin da aka yi ba. Ya gani da idonsa.

Bayan wannan ne ya shiga bincike a kan Furtwängler, ya tambayi makaɗan Faransa da wasu da suka san abin da ya gudana, ya gamsu cewa mutumin ya ceci rayuka kuma bai zama ɗan jam'iyya ba, sannan a 1946 ya aika wa hukumomin sojan Amurka saƙo yana kare shi, alhali ba su taɓa aiki tare ba. Kotun tantance 'yan Nazi ta saurari shari'ar a Balin a watan Disamba na 1946 ta wanke madugun, ya koma kan dandali a watan Mayu na 1947. A damina ta wannan shekarar suka haɗu da Menuhin, suka naɗa kwanceton Beethoven karo na farko a birnin Lucerne, sannan a watan Satumba suka kaɗa shi a Balin. An san Menuhin a matsayin babban makaɗi Bayahude na farko da ya yi haka bayan yaƙi.

Bai sha da daɗi ba. A Balin ɗin akwai sansanin Yahudawan da yaƙi ya raba da gidajensu, suka ƙaurace wa kiɗan da ya shirya musu, jaridarsu ta caccake shi a matsayin maci amana. Abin da ya yi a nan shi ne ya fi burge ni a cikin labarin duka, fiye da faifan kansa. Bai koma masaukinsa ya rubuta takardar martani ba. Ya taka ya shiga sansanin, ya tsaya gaban mutanen da aka kashe wa iyaye da 'ya'ya, ya saurari fushinsu, ya faɗa musu dalilinsa, ya kuma amsa cewa shi bai ɗanɗani abin da suka ɗanɗana ba. Ko da ya ziyarci Isra'ila a 1950 sai da aka yi masa barazana. A Amurka ma rikicin ya fashe a 1949, lokacin da ƙungiyar makaɗan birnin Shikago ta nemi ɗaukar Furtwängler, sai manyan makaɗa irin su Toscanini da Heifetz da Vladimir Horowitz da Arthur Rubinstein da Isaac Stern da wasu suka tashi tsaye suka nuna adawarsu, wasu suka ce ba za su ƙara taka dandalin ƙungiyar ba idan aka kawo shi. Aka fasa. Furtwängler ya mutu a 1954 bai sake yin kiɗa a Amurka ba.

Masu ba da labarin nan sun saba mayar da waɗannan mutane masu taurin zuciya, Menuhin kuma waliyyi. Wannan rashin adalci ne. Rubinstein ya rasa dangi masu yawa a Folan. Bronisław Huberman, mai gogen da ya ƙi gayyatar Furtwängler a 1933, ya kashe ƙarfinsa da dukiyarsa wajen fitar da makaɗa Yahudawa daga Turai, kuma ƙungiyar da ya kafa da su a Tel Abib a 1936 ta zama sanadin tsirar ɗaruruwan mutane. Stern ya rayu har 2001 bai taɓa kaɗa goge a bainar jama'a a Jamus ba. Toscanini, wanda a 1919 ya taɓa tsayawa takara a jerin 'yan takarar Musolini kafin ya gane kurensa, ya sha mari a birnin Bologna a 1931 saboda ya ƙi kaɗa taken 'yan Fasis, ya kuma juya wa bikin kiɗa na Bayreuth da ke Jamus baya a 1933. Mutumin da ya bar ƙasarsa da darajarsa domin kada ya zama ado ga azzalumi yana da cikakken ikon kallon wanda ya zauna ya ce masa: da hanya, ni na bi ta. An kashe Yahudawa miliyan shida. Babu wanda yake bin ɗan wanda aka kashe bashin yafiya.

A tarbiyyarmu an koya mana cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai haƙƙin ya yafe, kuma ba a yafewa a madadin wani. Da wannan ma'auni nake auna faifan. Menuhin ya yafe abin da yake nasa ne, rabonsa na Bayahuden da aka rufe wa ƙofar Balin, wanda aka yi wa al'ummarsa kisan kiyashi, kuma bai taɓa cewa ya yafe a madadin mutanen Belsen ba. Ya jira sai da zalunci ya faɗi, ya bincika mutum ɗaya da ayyukansa maimakon ya yi wa Jamusawa duka kuɗin goro, ko na hukunci ko na afuwa, sannan ya biya farashin matsayinsa da sunansa a tsakanin mutanensa. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa yana da ikon miƙa hannu. Mai sauraro na yau da ya ji daɗin kiɗan ya ce ai shi ke nan, tun da Bayahude ma ya yafe to magana ta ƙare, yana cin gajiyar yafiyar da bai biya ko kwabo a kanta ba. Daɗin faifan bai goge ranar 19 ga Afrilu 1942 ba, kamar yadda wannan rana ba ta goge mutanen da Furtwängler ya ceta ba.

Har ila yau, cewa kiɗan nan babu siyasa a cikinsa rage masa daraja ne. Bayahude ya tsaya a tsakiyar Balin, a gaban ƙungiyar da Goebbels ya taɓa riƙe wa akala, ya kaɗa Mendelssohn, makaɗan Jamus suna yi masa amshi, babban madugunsu yana jiran numfashinsa. Idan wannan ba magana ce ta siyasa ba, to ban san me ake kira siyasa ba. An mayar da abin da aka sace zuwa wurin da aka sace shi, kuma waɗanda suka yi shiru ranar satar su ne aka sa suka ɗauko shi da hannunsu. Ina jin wannan ya fi ƙarfin kowace takardar neman gafara da za a iya rubutawa, kuma ina zaton Furtwängler ya fahimci haka.

Akwai wata hujja mai ƙarfi a kan Menuhin wadda ba zan tsallake ba. Ana iya cewa yafiyarsa ta zo da wuri, a lokacin da Jamus ta Yamma take ɗokin mantawa, tsofaffin 'yan jam'iyya suna komawa kujerun alƙalanci da na jami'o'i, kuma hoton Bayahude yana musabaha da madugun zamanin Hitila ya ba mutane da yawa damar cewa komai ya wuce. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya. Abin da ya biyo baya ma yana da ban takaici, domin wanda ya gaji kujerar Furtwängler a 1955 shi ne Herbert von Karajan, mutumin da ya yanki katin jam'iyyar Nazi da hannunsa, kuma shi ne ya kai ƙungiyar rangadi Amurka a wannan shekarar, aka yi 'yar zanga-zanga aka watse, ya ci gaba da mulkin dandalin har 1989, ya zama ɗaya daga cikin madugan da suka fi kowa sayar da faifai a duniya. Wanda ya yi jayayya da Goebbels an rufe masa ƙofar Shikago, wanda ya shiga jam'iyya kuma an shimfiɗa masa darduma. Amma a ganina wannan laifin masu hukunci ne da ba su da mizani, kuma ya ƙara nuna amfanin abin da Menuhin ya yi na bin diddigin mutum ɗaya. Fushin jama'a yakan sauka a kan wanda ya fi tsawo a cikin taro, ko da ba shi ne ya fi laifi ba.

Tambayar ba ta tsufa ba. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu na 2022, birnin Munich ya kori madugu Valery Gergiev daga shugabancin ƙungiyar makaɗansa saboda ya ƙi yin tir da yaƙin, shi da aka daɗe da sani a matsayin na hannun daman Putin, kuma gidan wasan Metropolitan na Niyok ya raba gari da mawaƙiya Anna Netrebko. A lokaci guda an samu wuraren da suka soke gayyatar matasan makaɗa 'yan Rasha waɗanda ba su taɓa cin ladan kowa ba, wasu ma har suka cire kiɗan Tchaikovsky, wanda ya mutu tun 1893, daga jerin abin da za su kaɗa. Hukuncin farko ina iya fahimtarsa, domin yaƙi yana ci, mutumin kuma ya ara wa mai mulki sunansa shekara da shekaru. Na biyun kuwa, wato hukunta mutum saboda fasfonsa ko mamaci saboda ƙasarsa, ɗan'uwan abin da aka yi wa mutum-mutumin Mendelssohn ne, komai kyawun niyyar masu yinsa. Haka muhawarar take a yau a kan makaɗan Isra'ila saboda abin da ake yi a Gaza, kuma ma'aunin da zan yi amfani da shi bai canza ba: a duba abin da mutum ya yi, da abin da ya karɓa, da wanda ya ara wa sunansa.

Abin da ya sa na amince cewa matsayin Menuhin aƙida ce ba neman suna ba shi ne bai tsaya a kan Jamusawa ba. A 1950, a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, ya nace sai ya yi wa baƙar fata kiɗa, ya je unguwar Sophiatown ya kaɗa musu. A 1971 a birnin Mosko, yana shugaban majalisar kiɗa ta duniya da ke ƙarƙashin UNESCO, ya ambaci sunan marubucin da gwamnatin Sobiyat take tsangwama, Solzhenitsyn, a gaban mahukunta. A 1991, da aka ba shi lambar yabo ta Wolf a majalisar dokokin Isra'ila, ya tsaya a zauren ya soki mamayar yankunan Falasɗinawa da mulkin da ake yi musu ta hanyar tsoratarwa, a gaban waɗanda suka karrama shi. Mutumin da ya iya ɓata wa mutanensa rai sau biyu, sau ɗaya domin Bajamushe, sau ɗaya domin Bafalasɗine, ya cancanci a saurari hujjarsa ko da ba a yarda da ita ba.

Menuhin ya rasu a Balin a ranar 12 ga Maris 1999, ya je birnin ne domin wasa. Magajin garin Leipzig na lokacin da aka tumɓuke mutum-mutumin Mendelssohn, Carl Goerdeler, ba ya gari aka yi aika-aikar, da ya dawo ya nemi a mayar aka ƙi sai ya ajiye muƙaminsa, daga baya ya shiga cikin masu shirin kifar da Hitila, aka rataye shi a watan Fabrairu na 1945. Ba a sake ganin mutum-mutumin na asali ba. Sai a 2008, shekara 72 bayan tumɓuke shi, birnin ya ƙera wani irinsa ya kafa kusa da majami'ar Thomas, inda Bach ya yi aiki.